Ranar da na faɗo daga keke a Maroko

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a karkarar Maradi. Tun ina saurayi nake hawan keke. Da shi nake zuwa aji, da shi nake kai gero kasuwa. Shi ya sa nake gani babu wanda zai koya mini keke a duniya.

A watan Yuni na 2022 an yi babban taro kan ilimin manya a birnin Marakesh, ƙasar Maroko. Ƙungiyarmu ta tafi da ni. Da aka tashi taro, ranar Asabar, abokai suka ce mu je yawon keke cikin duwatsun Atlas. Mu takwas ne, daga ƙasashe daban-daban.

Mota ta kai mu wani ƙauye, Imlil, wajen kilomita 65 daga birni. Ƙauyen yana gindin dutsen Tubkal. Tsawon dutsen mita 4167 ne. Ya ninka Bagazam na Azbin sau biyu. Babu dutsen da ya kai shi a arewacin Afirka.

Jagoranmu wani saurayi ne ɗan garin. Ya ba kowa keke mai kaurin taya, da hular kwano, da gorar ruwa. Ya fara bayani. Ya ce birkin hagu na gaba ne, na dama na baya. Ya nuna giya, irin ta mota, wadda ake sakewa in za a hau tudu. Wata ƴar Senegal, ta girme ni, sai tambaya take yi. Ni kuwa na koma gefe ina kallon duwatsu. A raina na ce: «Yaron da na haifa ne zai koya mini keke?»

Muka kama hanya. Farko hawa ne. Ban sake giya ba, don ban san yadda ake yi ba, kuma na ji kunyar tambaya. Ƙafafuna suka yi nauyi, numfashi ya ƙi isa ta. Ashe a saman dutse iska ba ta cika ƙirji kamar a ƙasa. Ƴar Senegal ta wuce ni sannu a hankali, tana murza feda ba wahala.

Sai gangara ta zo. Hanyar ƙasa ce, duk tsakuwa, ga rami a gefe. Keke ya ɗauki gudu. Tsoro ya kama ni, na damƙe birkin hagu da ƙarfi. Tayar gaba ta tsaya cik, ta baya ta tashi sama. Sai ga ni a ƙasa! Gwiwa ta guje, hannu yana jini. Hular kwano ta bugi dutse. Wallahi, ba don ita ba, da wani labarin ake yi.

Kowa ya tsaya. Babu wanda ya yi dariya. Saurayin ya wanke mini ciwo, ya ɗaure. Ya ce: «Baba, in sake gaya maka?» Na ce: «Sake, ɗana. Ɗazu ban saurara ba.»

Ya ce a gangara a matsa birki biyu tare, kaɗan-kaɗan. A ja jiki baya a kan sirdi. A kalli inda ake son zuwa, kada a kalli ramin. Na yi yadda ya ce. Ni ne na ƙarshe, amma a kowace kwana suna jira na. Haka muka gangara ta cikin gonakin tufa har garin Asni. Ranar kasuwarsu ce. Muka zauna muka sha shayi mai na'ana'a.

A mota na tuna da ajina. Akwai dattawan da ke zama can baya, ba su tambaya, don malamin ƙaninsu ne. Wani ya bar zuwa gaba ɗaya don ya kasa bambanta «b» da «d». A da ina cewa ragwanci ne. Ranar nan na gane kunya ce, irin wadda ta kayar da ni.

Da na komo, na je gidansa na ba shi labarin faɗuwata. Ya yi ta dariya. Ranar Litinin sai ga shi da allonsa.

Ƴan'uwa, in ba ku gane ba, ku ce a sake. Mai tambaya ba ya ɓata. Mu ma za mu jira ku a kowace kwana.