Kasuwar Kirsimeti a Birnin da Aka Ƙone

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, mu masu wa'azi mukan ja kunnen jama'a game da kasuwa. Mukan ce kada ɗinkin sabon kaya da sayen shinkafa da kaji su cinye zuciya har a manta da wanda aka haifa a Baitalami. Gargaɗin yana da tushe, kuma zan ci gaba da yinsa muddin Ubangiji ya bar ni a bakin aiki. Duk da haka akwai wata kasuwa da ta yi mini wa'azi ni da iyalina, kuma abin da ta koya mana ya shafi kowane gidan Kirista da ya taɓa binne nasa bayan tashin hankali.

Wata ikkilisiya a ƙasar Jamus ta gayyace ni ziyarar 'yan makonni, ta kuma yi mana alheri ta ɗauki nauyin uwargida da ƙananan yaranmu uku don su same ni a ƙarshen ziyarar. Kwana uku suka rage mana na hutu, sai masu masaukinmu suka ba mu shawara mu yi su a Dresden, babban birnin jihar Saksoni, a bakin kogin Elbe. A can ne ake cin kasuwar Kirsimeti da ake kira Striezelmarkt, wadda aka fara a shekara ta 1434 a matsayin kasuwar nama ta yini guda, domin mutanen gari su sayi abin yanka na biki. Yanzu tana ci daga ƙarshen Nuwamba har jajiberin Kirsimeti, a tsohon dandalin gari mai suna Altmarkt.

Abin da yaran suka fara lura da shi shi ne shingayen da aka gitta a hanyoyin shiga da 'yan sanda da ke tsaye. Autanmu, mai shekara tara, ya ja hannun rigata ya ce, "Baba, su ma ana kai musu hari?" Yaron da ya tashi yana ganin ana binciken jakar mamarsa a ƙofar majami'a kowace Lahadi ya san ma'anar shinge tun kafin a gaya masa. Na amsa masa da gaskiya: a ranar 19 ga Disamba 2016 wani mutum ya kutsa da babbar mota cikin wata kasuwar Kirsimeti a Berlin, mutane suka mutu, kuma tun daga lokacin aka ƙara tsaro a irin waɗannan kasuwanni. Ya yi shiru, ya ƙara riƙe hannuna, muka shiga.

A Dresden rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma a wannan wata, sanyin kuwa ya wuce duk wani hunturu da muka sani. Saboda haka kasuwar duka fitila ce. Rumfunan katako sun jeru layi-layi, ƙamshin soyayyen nama da gasasshen almon yana tashi, masu sayar da abin sha mai zafi suna zuba wa manya ruwan inabi, yara kuma na 'ya'yan itace wanda babu maye a ciki, shi muka sha dukanmu. Ana biyan kuɗin jingina a kan kofi, idan ka mayar a ba ka kuɗinka. Mamansu ta ce da za a kawo wannan dabara a taron zumuntar mata, da kofunan ikkilisiya sun daina ɓacewa.

Kusan kowane kaya a wannan kasuwa yana da labari, kuma yawancin labaran daga wahala suka fito. Akwai gurasar Dresden da ake kira Stollen, mai man shanu da busasshen inabi, an barbaɗe ta da farin sukari. Mutanen wurin suna cewa siffarta tana tuna jariri a naɗe cikin zane. Akwai wani baka na katako da ake jera kyandirori a kansa a sa a taga. Ya fito ne daga tsaunukan da ke kudu da birnin, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙar azurfa da kuza. A lokacin sanyi mahaƙa sukan shiga rami gari bai waye ba, su fito rana ta riga ta faɗi, har su yi makonni ba su ga hasken rana ba. Marmarin haske ne ya haifi wannan ado. Da ma'adinan suka ja baya, sai zuriyarsu suka koma sassaƙa, kuma aikin hannunsu ne ya cika rumfunan. Wanda ya san ramukan kuza na ƙasar Filato da irin gumin da aka zubar a cikinsu ba zai kalli wannan baka a matsayin abin wasa ba.

Sai tauraro mai tsinaye ashirin da biyar da muka gani yana rataye ko'ina. Sunansa daga garin Herrnhut ne, a cikin jihar Saksoni ɗin, inda 'yan'uwa Morabiyawa masu gudun tsanani suka sami mafaka a 1722, daga nan kuma suka fara aika masu bishara zuwa ƙasashe masu nisa a 1732. 'Ya'yan waɗannan masu bishara akan mayar da su gida makarantun kwana, su yi shekaru ba su ga iyayensu ba. A waɗannan makarantu ne aka fara haɗa tauraron da takarda, yara suna rataya shi a lokacin Kirsimeti. Na tsaya a gabansa na daɗe, ina tunanin cewa bisharar da ta iso mana ta ci wa waɗansu yara ƙuruciyarsu.

Mun ba kowane yaro 'yan kuɗi kaɗan, muka ce abu ɗaya za a saya. 'Yarmu ta tsakiya ta zaɓi wani ɗan mutum-mutumi da aka yi da busassun 'ya'yan itace baƙaƙe, da doguwar hula da ɗan tsani a hannu. Mai rumfar ta bayyana mana cewa hoton yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙi ne su share shi, domin jikinsu ƙarami ne, kuma a dā 'ya'yan talakawa ne suke yawon tallarsa cikin sanyin wannan kasuwa. Yarinyar ta juya shi a hannunta ta ce, "Mama, ashe su ma sun yi talla." Kowa a cikinmu ya tuna da yaran da ke bin motoci da tire a kai a tashoshinmu, har a ranar Kirsimeti.

Washegari da safe, kafin kasuwa ta cika, wani dattijo daga cikin masu masaukinmu ya zaga da mu. Ya tsaya a wani gefen dandalin ya nuna mana wata alama a daɓen ƙasa. Daga daren 13 zuwa 15 ga Fabrairu 1945, jiragen yaƙin Birtaniya da na Amurka sun yi wa Dresden ruwan bama-bamai, tsakiyar birnin ta ƙone ƙurmus, kimanin mutum 25,000 suka mutu. Gawawwaki sun yi yawa har aka kasa binne su kafin cuta ta ɓarke, sai aka tara su a wannan dandali aka ƙone gawa 6,865. A daidai inda yaranmu suka sha abin zafi suna dariya jiya da dare, a nan aka yi wannan aiki.

Dattijon bai ɓoye ɗayan gefen labarin ba. Ya ce ƙasarsa ce ta kunna yaƙin. A watan Nuwamba 1938 mutanen Hitler sun ƙone majami'ar Yahudawa ta wannan birni, kuma a Nuwamba 1940 jiragen Jamus sun rushe birnin Coventry na Ingila tare da babbar majami'arsa. Na ji nauyin wannan magana, domin abu ne mai wuya mutum ya tsaya a kan tokar 'yan'uwansa ya ambaci laifin gidansu.

Daga nan muka taka zuwa Frauenkirche, babbar majami'ar Lutheran da aka gama ginawa a 1743. Ta tsaya cikin wutar har safiyar 15 ga Fabrairu, sannan ta rufta. Kusan shekara hamsin tarin duwatsunta yana zube a tsakiyar gari. A 1994 aka fara sāke gina ta da gudummawa daga ƙasashe da yawa, aka keɓe ta ranar 30 ga Oktoba 2005. Magina sun tono tsofaffin duwatsun, suka ba kowanne lamba, waɗanda suke da sauran ƙarfi suka mayar da su cikin bango. Shi ya sa idan ka dubi ginin za ka ga farin dutse da ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa. Gicciyen zinariya da ke ƙolin ginin kyauta ce daga mutanen Birtaniya, kuma maƙerin da ya yi aikinsa, Alan Smith, ɗan ɗaya daga cikin matuƙan jiragen da suka kai harin ne. Tsohon gicciyen, wanda wuta ta lanƙwashe, an same shi a cikin ɓaraguzai, yana nan a ajiye cikin majami'ar.

Babban ɗanmu, mai shekara goma sha biyar, shi ne ya yi tambayar da ta fi nauyi. Ya san an taɓa ƙone majami'ar garin kakansa, ya kuma san sunayen waɗanda ba su fito ba. Ya ce, "Baba, me ya sa suka bar baƙaƙen duwatsun? In sun gafarta, ai sai su share." Na ce masa ya duba inda duwatsun suke. Suna cikin bango, suna ɗauke da nauyin rufi tare da sababbi. Dutsen da ke cikin bango ba a jifa da shi.

Ƙaunatattu, Littafi Mai Tsarki ma bai share baƙaƙen duwatsu daga labarin Kirsimeti ba. Luka ya gaya mana cewa umarnin wani sarkin mulkin mallaka ne ya tilasta wa Maryamu tafiya da tsohon ciki, kuma ta haihu a inda dabbobi suke cin abinci domin masauki ya cika. Matiyu kuwa, a sura ta biyu, bayan ya ba da labarin masu hikima da kyautansu, nan take ya kawo Hirudus da kisan yara maza na Baitalami, da kukan iyaye mata, da gudun Yusufu cikin dare zuwa Masar. A wasan kwaikwayon yara na Kirsimeti mukan tsaya a kan zinariya da lubban da mur, amma mai bishara ya ci gaba har zuwa jinin. Cikin irin wannan duniya Allah ya aiko da Ɗansa. Har bayan tashinsa daga matattu, Yahaya ya shaida cewa tabon ƙusoshi yana nan a hannuwansa, kuma da waɗannan hannuwa ya sa wa almajiransa albarkar salama.

Da yawa daga cikinmu muna da namu baƙaƙen duwatsu. Akwai kujerar da ba mai zama a kanta ranar Kirsimeti. Akwai ikkilisiyoyin da suka yi sujada a ƙarƙashin itace bayan wuta ta cinye gininsu. Hanya biyu ce take jan iyaye a nan, kuma dukansu suna cutar da yara. Wani yakan rufe bakinsa ruf, yaran su tashi suna tsintar labarin a bakin abokai da waya, inda ake ba da shi da gishirin ƙiyayya. Wani kuma yakan maimaita labarin kullum da zafi, har ɗansa ya gaji fushin da bai san mafarinsa ba, ya riƙa kallon maƙwabcinsa na wani addini ko wata ƙabila kamar bashi ne ke tsakaninsu. Abin da na gani a Dresden hanya ce ta uku: a faɗi abin da ya faru dalla-dalla, a ambaci matattu da sunansu, a ambaci inda namu ma suka yi laifi, sannan a ɗauki baƙin cikin a gina gidan addu'a da shi. Gafara ba ta hana neman adalci a gaban hukuma, amma tana hana mu mu miƙa wa 'ya'yanmu wuƙar ramuwa.

Wannan aiki yana cin lokaci. Shekara sittin ce tsakanin faɗuwar wannan majami'a da buɗe ta. Wanda rauninsa sabo ne kada a matsa masa ya rera waƙar murna da ƙarfi. A zauna kusa da shi, a kai masa abinci, a yi kuka tare. Amma a san inda aka dosa.

Akwai gargaɗi kuma a cikin abin da muka gani. Mafi yawan mutanen jihar Saksoni a yau ba sa cikin kowace ikkilisiya, ko da yake a yankinsu ne Martin Luther ya yi aikinsa. Dubban mutane suna sayen tauraro da siffar komin dabbobi ba su san wanda aka kwantar a ciki ba. Ado yakan daɗe bayan bangaskiya ta tafi. Mu ma in muka bar wa 'ya'yanmu ɗinki da shinkafa kawai, za su riƙe bikin su saki Mai bikin.

Saboda haka, iyaye, a Kirsimetin bana ku je kasuwa da yaranku, ku saya musu abin da hali ya bayar, ku ci ku yi murna, gama haihuwar Mai Ceto ta isa a yi mata biki. Da yamma ku tara su ku karanta musu labarin har ƙarshensa, da Hirudus da Masar duka. Ku gaya musu labarin gidanku da murya mai sanyi. Ku zuba abinci a kwano ku aike su da shi gidan gwauruwa, da gidan maƙwabcin da ba ya sujada tare da mu, kamar yadda iyayenmu suka saba yi. In kun gamu da yaro mai talla a hanya, ku tambaye shi sunansa, ku ba shi rabonsa.

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka san gudun hijira tun kana jariri, ka dubi gidajenmu da ke ɗauke da rauni. Ka ba mu bakin faɗin gaskiya ga 'ya'yanmu ba tare da ɗaci ba. Ka karɓi duwatsunmu da wuta ta taɓa, ka gina ikkilisiyarka da su. Amin.