Gero da Wake a Kunya Ɗaya

Digirina na tattalin arziki ne, amma zuciyata ta rabu tsakanin fassara, zane da tarihi. Daga ɗakina a Zariya nake yi wa wani kamfanin ƙetare fassara ta intanet. Aikin nan ne ke sayen data da man janareta, shi ke biyan kuɗin makarantar ƙanwata.

Mahaifina kan ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiyarsa. Sai dai a gonarsa gero da wake kunya ɗaya suke: gero da ruwan fari, wake daga baya. Don haka safiyata ta aikin albashi ce, darena na zane. Sauran tunane-tunanen kuwa ina adana su a littafi kamar iri a rumbu, su jira daminarsu.