Kufai Daga Birnin Yauri Zuwa Wara

Daga Yelwa zuwa Birnin Yauri ba wata tafiya ba ce, kafin hira ta yi daɗi direba ya ce a sauka. Nan ne tsohuwar fadar sarakunan Yauri, kafin sarauta ta koma Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19. Wani dattijo da muka tarar yana ɗaure damin dawa ya yarda ya raka mu wajen ganuwa.

"Baba, ina take?" na tambaya.

Ya yi dariya. "Ɗana, ai a kanta kake tsaye."

Tudu ne mai tsawo, ciyawa ta rufe shi, awaki sun yi masa hanyoyi, damina kuma tana gutsurarsa kowace shekara. Ta cikin wannan ganuwa Turawa matafiya Richard Lander da ƙaninsa John suka shiga a 1830, suna cigiyar takardun wani matafiyin da ya riga su, Mungo Park. A dajin Dartmoor na Ingila, gicciyen dutse mutanen dā suka kakkafa don matafiyi ya gane hanya cikin hazo, ga su nan tsaye har yau. Mu da ƙasa muka yi gini, saboda haka shaidarmu kuka ce. Inda ka ga kukoki sun yi cincirindo a daji, duba ƙasa, za ka tsinci sakaina da tsohon dutsen niƙa. Baban ya fi kowane allon bayani sanin wurin, sai dai allo ba ya tsufa irin nasa, kuma ban ga ko ɗaya ba.

Da la'asar muka isa Wara, a ƙasar Ngaski, bakin tafkin Kainji. Nan ko kukar babu. Da aka gama madatsar ruwa a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000, ruwa ya shanye tsibiran Gungawa masu yawa, da tsohuwar Busa inda Park ya halaka a 1806. Mai jirgin da ya ɗauke mu ya rage wuta a tsakiyar ruwa, ya nuna da haɓa.

"Malam, garin kakanninmu yana ƙarƙashin nan. Idan ruwa ya ja, kututturan itatuwa kan leƙo, su ne ke fasa mana jirgi."

Ya karkata akala hagu ya kauce musu, muka nufi gaɓa kafin iskar yamma ta taso.