Wankin Hoton Taurari

Ya 'yan'uwana ɗalibai, tun muna makarantar allo aka nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda Larabawa ke kira Surayya. Mai kaifin ido yakan ƙirga shida ko bakwai, alhali kuwa sun haura dubu. Abin da ido ya kasa gani fim yana kamawa, gama shi tara haske yake yi kaɗan-kaɗan. Ta haka ne a 1885 waɗansu 'yan'uwa biyu, Paul da Prosper Henry, suka gano a birnin Faris wani hazo mai haske kusa da ɗaya daga cikin taurarin nan. A 1888 kuma Isaac Roberts na Birtaniya ya bar kyamararsa buɗe awa 4 har ya samo siffar Andromeda.

To, ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wankin. Fuskar fim shafe take da gishirin azurfa. Haske ya riga ya yi rubutu a kai, amma ba mai iya karanta shi sai an wanke. Cikin baƙin duhu ake naɗa fim a sa shi cikin gwangwani, da lalube, ba ko fitilar kwano. Ruwan magani na fari shi ke mai da inda haske ya taɓa ya zama baƙar azurfa. Na biyu ya tsai da aikin na fari. Na uku ya narkar da sauran gishirin. Sa'an nan a ɗauraye, a shanya inda ba ƙura. Taurari su fito baƙaƙe, sama kuwa fara.

Maganin nan digiri 20 yake so, ga shi zafin bazara a Kano yakan kai 40. In ruwa ya yi ɗumi hoto sai ya yi tsaki-tsaki, ƙananan taurari su ɓace. Saboda haka da asuba nake wanki, da ruwan da ya kwana a randa, in sa 'yar ƙanƙara, ina duban ma'auni.

Amma babban abin tsoro ba cikin ɗaki yake ba. Wanda ya kafa kyamara kusa da masana'antun Bompai ko Sharada ko Challawa, hasken fitilu da hayaƙi za su dusashe fim tun taurari ba su zauna ba. Hazon hunturu kuma ya ƙara. Dole sai a fita ƙauye da kaka, daren da babu wata.

Mu da za mu zama malamai, yaran unguwannin nan za a ba mu, da yawansu kuwa sunan Kaza kaɗai suka ji. Ina roƙonku, kowa ya nemi dare ɗaya ya fita da ajinsa inda duhu yake, ko da hoto ko babu. Allah ya sa mu dace, amin.