Mako Biyu a Gidan Koyon Zane a Ƙasar Italiya

Na san a makarantunmu da yawa, in lokacin zane ya yi, yara kan ɗauka an ba su hutu ne. Wani ya ja layi biyu ya ce ya gama, wani ya kwafi na ɗan'uwansa, wani kuwa ya naɗe hannu ya ce shi Allah bai ba shi wannan baiwa ba. Don haka na ga ya kamata in ba ku labarin abin da na gani a ƙasar Italiya, inda na zauna mako biyu a wani gidan koyon zane cikin watan Satumba na 2019. Abin da na ke so ku riƙe shi ne, zane aikin ido ne kafin ya zama aikin hannu, ido kuwa horonsa a ke yi kamar yadda a ke horon doki.

Gidan nan yana lardin Tuskani, kudu da birnin Siyena, kusa da kwarin kogin Orciya, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2004. Tsohon gidan gona ne na dutse a bisa tudu. Ko'ina ka duba sai tuddan yumɓu suna bin juna, ga gonakin inabi da na zaitun, ga wani dogon itace siriri mai tsini kamar mashi, wanda su ke kira cipresso, an jera shi a bakin hanyoyi. Lokacin an riga an yanke alkama, an kuma yi huɗa, ƙasa ta fito fara-fara kamar toka. Mu almajirai daga ƙasashe dabam-dabam mu ke, da tsofaffi da samari. Nan mu ke kwana, nan mu ke ci a teburi guda, yawanci taliya da man zaitun da burodin mutanen wurin, wanda ba su sa masa gishiri.

Malaminmu wani dattijo ne mai ƙarancin magana. Ranar farko bai bari kowa ya taɓa burushi ba. Sai ya kai mu gindin wani zaitun, ya ce mu zauna mu dube shi har hantsi ya ɗaga. To, kowa aka tambaya launin ganyen zaitun zai ce kore ne. Amma in ka daɗe kana kallo sai ka ga bayan ganyen kore ne mai duhu, cikinsa kuwa fari-fari kamar azurfa, in iska ta kaɗa sai itacen duk ya sake kama. Inuwar da ya zuba a ƙasa ma ba baƙa ba ce, da shuɗi-shuɗi a cikinta, domin hasken sararin sama na sauka a kanta. Dattijon ya ce mana mafi yawan mutane abin da su ka sani su ke zanawa, abin da ke gabansu kuwa ba su dube shi ba.

Daga nan kullum da sassafe kowa ya kan saɓi allonsa ya fita dawa. Doka ita ce kada ka wuce sa'a biyu a kan zane guda, don rana na tafiya, inuwa na juyawa, tudun da ka fara da safe wani tudu ne dabam da azahar. In ba ka gama ba, sai ka dakata gobe war haka. Wannan fita zane a fili ba tsohuwar al'ada ba ce ƙwarai. Ta yi sauƙi ne bayan 1841, sa'ad da wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙago ɗan bututun kuza da a ke ɗura fenti a ciki, ya daɗe bai bushe ba. Ba a jima ba, wajen shekarun 1850 zuwa 1860, waɗansu masu zane na Tuskani, cikinsu har da Giovanni Fattori, su ka riƙa fita gonaki suna zana haske da inuwa yadda su ka gan su.

Da la'asar kuma sai a koma ɗaki a koyi haɗa launi yadda mutanen da su ke yi. A nan ne na ga abin mamaki. Launin nan ruwan ƙasa da masu zane na duniya duka ke kira ƙasar Siyena, ai ƙasa ce sosai, irin mai tsatsar ƙarfe a ciki. Ɗanyarta rawaya-rawaya ce, in an gasa ta a wuta sai ta koma ja. A wanke ta, a tace tsakuwa, a niƙe ta a kan dutse har ta fi kwalli laushi, sa'an nan a kwaɓa da gwaiduwar ƙwai da ɗan ruwa. Shi ke nan, fenti ya samu. Shuɗi mai kyau ne kaɗai ya ke ba mutanen da wuya, gama dutsensa daga duwatsun Afganistan a ke kawo shi, tsadarsa kuwa har a kan gwada ta da ta zinariya.

Cikin mako na biyu mu ka gwada zanen bango da su ke kira firesko. A kwaɓa farar ƙasa da yashi a yaɓa, tun yaɓen yana ɗanye a shafa launi da ruwa zalla. Yayin da farar ƙasar ta sha iska sai ta koma dutse, ta riƙe launin a cikin jikinta. Amma fa in ya bushe, ƙofa ta rufe. Saboda haka mai zane ba ya yaɓa sai gwargwadon abin da zai iya gamawa a yini guda, su kan kira wannan yanki jornata, watau aikin yini. Haka Mikelanjelo ya zana rufin ɗakin ibada na Sistina a Roma, yini bayan yini, daga 1508 zuwa 1512. Da na ga wannan sai na tuna maginan Zariya da Kano, masu fitar da dagi da sauran ado a fuskar soro tun laka ba ta bushe ba.

Wata rana aka kai mu Siyena, zauren majalisar birnin, mu ka ga aikin Ambrogio Lorenzetti, wanda ya yi a 1338 zuwa 1339. A bango ɗaya ya nuna ƙasar da a ke mulki da adalci: manoma na huɗa, waɗansu na girbi da sussuka, fatake na shiga gari da dabbobinsu. A wani bangon ya nuna ƙasar azzalumi, gidaje sun rushe, gonaki sun zama kufai. Sarakunan birnin su tara a wannan zaure su ke zama, don kullum idonsu ya faɗa a kai. Tuddan da ya zana kuwa irin waɗanda mu ka baro da safe ne. Shekara fiye da 680 ke nan, amma ka san mutumin nan ya tsaya ya dubi ƙasarsu da kyau.

Kada wani ya zaci mako biyu na mai da mutum gwani. Cennino Cennini, mutumin wannan lardi da ya rubuta littafin sana'ar zane wajen 1400, shekara 12 ya yi a hannun maigidansa. Abin da gidan nan ya ba mu shi ne natsuwa, da malami mai gyara, da abokan aiki waɗanda kowane dare a kan jingina zanen kowa a bango a duba tare, ba mai jin kunya.

To, 'yan makaranta, kaɗan daga cikinku ne za su taka Italiya, kuɗin jirgi da na masauki ba ƙanana ba ne. Amma jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi suna nan a garinku, kaza kuwa ba ta daina ƙwai ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zana mai rai ba, ga kuka, ga rumbu, ga ganuwa, ga hadari in ya taso daga gabas. Ku zaɓi itace ɗaya kusa da makaranta, ku zana shi da hantsi kwana bakwai a jere, sa'an nan ku ajiye na farko kusa da na ƙarshe ku kai wa malaminku. Ido da ya saba da irin wannan kallo zai amfane ku ko likita ku ka zama, ko magini, ko manomi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya buɗa mana basira, amin.