"Nakan" da "Ina": Darasin Ingilishi a Wani Ajin Yamai

Masu iya magana sun ce yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Idan akwai darasin da wannan karin magana ya dace da shi, to shi ne darasin da malamin Ingilishi ke koya wa yaro faɗar abin da ya saba yi kullum: yaushe yake tashi, me yake ci, ina yake zuwa. A Nijar yaro yakan fara gamuwa da Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, wanda muke kira siziyam, bayan ya yi shekara shida yana fama da Faransanci. Na daɗe ina koyar da wannan aji a Yamai, kuma abin da na gani shi nake son in baje a gaban ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu.

Ga inda gizo ke saƙar. Bafaranshe idan ya ce "je mange", yana iya nufin yanzu hannunsa na cikin akushi, yana kuma iya nufin haka al'adarsa take. Ingilishi ya raba biyun: "I am eating" na mai ci yanzu ne, "I eat" kuwa na wanda ya saba. Yaron da aka bi da shi ta Faransanci kaɗai sai ya rasa dalilin wannan rabo, ya riƙa cakuɗa su. Alhali kuwa Hausa tana da wannan bambanci tun fil azal: "ina ci" daban, "nakan ci" daban. Gaskiya ne a maganar yau da kullum Bahaushe kan ce "kullum ina zuwa", amma "nakan" ba ta taɓa nufin abin da ake cikin yi yanzu. Saboda haka nakan rubuta jerin nan a allo: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan. Sa'an nan in ce wa yara duk inda "kan" ta shiga, siffar "I eat" ce wurinta. Kafin a tashi, akasarinsu sun kama.

Sai dai gadar tana da ramuka, kuma wajibi ne malami ya san su. Na farko, a Hausa wakilin suna ne ke ɗaukar nauyin mai aikatawa, aikatau ba ya sauyawa: nakan tafi, yakan tafi. Shi ya sa ƙaramin harafin "s" na "he goes" yake zame wa yara ƙarfen ƙafa. Na biyu, Bahaushe yana cewa "na sani" da "na gane" da siffar abin da ya riga ya auku, Ingilishi kuwa "I know" yake cewa. Na uku, ajin Yamai ba na Hausawa kaɗai ba ne. Zabarmanci yana amfani da "a" ga namiji da mace duka, don haka yaron da ya taso da shi yakan sha wuya da "he" da "she", abin da mai "ya" da "ta" ba ya jin nauyinsa. Nakan haɗa su biyu-biyu, kowa ya tallafi ɗan'uwansa.

Zaman biyu-biyun nan lissafi ne ya tilasta shi. Idan aji ya haura yara sittin, darasi kuma bai wuce awa ɗaya ba, ko malami bai ce uffan ba rabon kowane yaro bai kai minti ɗaya ba. Harshe kuwa ba ya zama a baki sai da maimaici. Don haka kowa yakan tambayi maƙwabcinsa, sa'an nan ya miƙe ya ba aji labarin abokin nasa, domin a nan ne "s" ɗin take fitowa dole.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce nahawu. Misalan da yara suka haddace sau da yawa na wata rayuwa ce: agogo ya kaɗa, an sha madara, uba ya kai yaro makaranta a mota. Na ga yarinyar da ke tashi tun asuba, ta ɗebo ruwa a famfo, ta kai wa mahaifiyarta ƙullin ƙosai bakin titi, amma da aka tambaye ta sai ta karanto waccan rayuwar ta aro, don kunya. Ranar da ta yarda ta ce "My mother sells fura", ba tare da neman wata kalma ta maye gurbin fura ba, ranar ce muryarta ta fito sosai. Wanda yake shiga faba-faba, da wanda yake ƙetare gadar Kennedy daga Harobanda, da wanda yake zuwa makarantar allo kafin boko, da wanda yake taya ubansa tsaron rumfa a kasuwar Katako, kowannensu yana da jimloli goma na gaskiya a bakinsa. Yaro ba ya mance jimlar da ta faɗi gaskiyar gidansu.

Wannan magana ta ƙara nauyi a yau. Daga 1962 zuwa 2011 ƴan sa-kai na Peace Corps daga Amurka sun yi aiki a ƙasar nan, wasunsu suna koyar da Ingilishi. Yanzu aikin yana wuyan ƴan ƙasa, waɗanda da dama daga cikinsu suka fito daga Jami'ar Abdou Moumouni. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ga iyaka ta kusan kilomita 1,500 tsakaninmu da Najeriya, inda fatake da ɗalibai ke kai da kawowa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Zinder, ashe ba baƙon abu ba ne mu dogara da harshen gida wajen koyon na waje.

Roƙona ga ƙungiyoyin al'adu shi ne su taimaka a tattara gajerun labaran yini na manomi, da masunci a bakin kogin Kwara, da mai ɗinki, da ungozoma, a Hausa da Zabarmanci da Ingilishi, a sa su a hannun malamai. Ga malamai kuwa, kada mu ji nauyin ɗaukar alli mu rubuta "nakan" a allon darasin Ingilishi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace.