Ga masu ce mana "ai ciyawa kuke karanta"

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman waɗanda suka nemi likitanci aka tura su sashen nazarin tsirrai. Don Allah ku daina sunkuyar da kai idan an tambaye ku kwas ɗinku. Ni ma a sashen nake, aji uku, kuma har yau in na je hutu abokai "likitan ciyawa" suke kirana.

To bari ku ji abin da ciyawar take yi. Idan rana ta ƙwalle, ni da ku inuwa muke nema. Gero fa? Yana nan tsaye a gona tun safe har magariba. A cikin hasken rana akwai wani irin haske da ido ba ya gani, UV, mai lalata DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin halitta. Tsiro yana da wani sinadari, fotoliyes, da ke amfani da hasken ranar nan dai wajen gyara ɓarnar. Mu mutane ba mu da shi. Aziz Sancar, Baturken da ya samu kyautar Nobel a 2015 kan gyaran DNA, shekaru ya kwashe yana nazarinsa.

Idan ɓarnar ta yi yawa, sai wata ƙwayar gado mai suna SOG1 ta karɓi ragama: ta dakatar da rabuwar ƙwayoyin, a yi gyara, wadda ba ta gyaruwa a kashe ta. A jikinmu p53 ke wannan aiki, kuma lalacewarta na cikin manyan hanyoyin kamuwa da kansa. Tsirrai ba su da p53. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis suka bayyana ainihin SOG1, a jikin wata 'yar ciyawa, Arabidopsis.

Ina ruwan manomi? A ƙasa mai tsami, irin wadda ta yi yawa a nan Kudu saboda ruwan sama, alminiyam na tsayar da girman saiwa. Bincike ya nuna SOG1 na da hannu a wannan tsayawar. Wanda ya fahimci wannan birki, ya kama hanyar samar da irin da zai jure.

Wallahi asibiti ba ya warkar da yunwa. Mu riƙe karatunmu da daraja, mu dage da shiga lab, masu neman wurin IT su gwada IITA a Ibadan. Allah ya ba mu sa'a.